"An gano dalma a cikin gahawa": me wannan magana take nufi, kuma ta yaya ake tabbatar da ita?

Wani lokaci akan wayi gari a ga labari yana yawo a intanet cewa wani bincike ya gano dalma ko kadmiyam, ƙarafa biyu masu guba, a cikin gahawa, wadda mutane da yawa suka fi sani da kofi. Sai hankalin masu shanta ya tashi, wasu su yi rantsuwa sun daina daga ranar, wasu kuma su ɗauki labarin a matsayin tsoratarwa ta masu neman a san da su. Kafin ƙura ta lafa sai wani rahoton ya biyo baya yana cewa an gwada samfura masu yawa ba a ga komai ba. Mai karatu ya rasa wanda zai kama: shin akwai guba a cikin abin da yake sha kowace safiya, ko babu? Kuma ta yaya ɗakunan gwaje-gwaje biyu za su ɗauki gahawa iri ɗaya su fito da magana biyu?

Amsar tana cikin wani aiki da ba kasafai yake shiga kanun labarai ba, wato tantance ingancin hanyar gwajin kanta kafin a yarda da lambar da ta fitar. Duk lambar da ta fito daga ɗakin gwaji tana da tarihi a bayanta: yadda aka ɗebi samfur, abin da aka niƙa shi da shi, asid ɗin da aka narkar da shi, na'urar da ta auna, da kuma hujjar da ke nuna cewa waɗannan matakai gaskiya suke bayarwa. Wanda bai san wannan tarihi ba yana iya firgita da lambar da ba ta da haɗari, ko ya saki jiki da wadda ba ta da tushe.

Abin da ake nufi da ƙananan sinadarai

Idan aka ƙona ɗanyar ƙwayar gahawa ƙurmus, tokar da za ta saura takan kai kimanin kashi 4 cikin 100 na busasshen nauyinta, kuma a cikin wannan toka ne ma'adinai suke. Fotasiyam ne kan gaba da tazara mai nisa, domin shi kaɗai yakan kai kusan kashi 40 cikin 100 na tokar, sannan magneziyam da kalsiyam da fosfaras su biyo baya. Waɗannan da giram ake auna su a kowane kilo. Ƙananan sinadarai kuwa su ne waɗanda yawansu bai wuce 'yan milligiram ko gomman milligiram a kilo ba, irin su ƙarfe da manganiz da tagulla da zinki da rubidiyam da sitirontiyam. A can ƙasa da su akwai waɗanda ake tsoro, wato dalma da kadmiyam da asinik da zaiba, waɗanda galibi da maikrogiram ake lissafa su.

Yana da kyau mai karatu ya ji nauyin waɗannan ma'aunai a jikinsa. Milligiram ɗaya a kilo ɗaya daidai yake da kashi ɗaya cikin miliyan, kwatankwacin daƙiƙa ɗaya cikin kwana 11 da rabi. Maikrogiram ɗaya a kilo kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan, kwatankwacin daƙiƙa ɗaya cikin kusan shekara 32. Mai auna dalma a gahawa allura yake nema cikin ruwa, kuma ana buƙatar ya faɗi nauyinta bayan ya same ta.

Jikin ɗan Adam yana buƙatar ƙarfe da tagulla da zinki da manganiz daidai gwargwado. Dalma da kadmiyam ba su da wani amfani a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma a shekarar 2010 kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwa tsakaninta da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya janye ma'aunin da ya daɗe yana amfani da shi, na maikrogiram 25 a mako ga kowane kilo na nauyin jiki, saboda ya gane ba ya kare lafiya. Shi kuma kadmiyam taruwa yake yi a ƙoda, inda yakan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita daga jiki, kuma shi ne sanadin cutar itai-itai da ta addabi mazauna yankin Toyama na ƙasar Japan bayan ruwan ma'adinai ya gurɓata gonakinsu. Saboda haka damuwar da mutane ke nunawa tana da dalili, kuma bai dace a raina ta ba.

Ta ina suke shiga cikin ƙwayar

Ƙasa ce tushe na farko. Bishiyar gahawa, ko arabika ce irin wadda asalinta yake Habasha kuma ake nomawa da yawa a Brazil da Kolombiya, ko robusta wadda Vietnam ta shahara da ita, tana zuƙar abin da ta tarar a inda aka dasa ta. Ƙasa mai tsami takan saki kadmiyam da manganiz ga saiwa fiye da wadda ba ta da tsami. Takin fosfet yana zuwa da nasa kadmiyam ɗin tun daga dutsen da aka haƙo. Tagulla kuma tana da nata labarin: tun da cutar tsatsar ganye ta ɓulla a Sri Lanka a 1869 ta durƙusar da noman gahawa a tsibirin, manoma a sassan duniya suka dogara da magungunan feshi masu tagulla, kuma shekara da shekaru na feshi sukan bar ta jibge a ƙasar gona.

Bayan girbi ma hanya a buɗe take. Ƙwayar da aka shanya a ƙasa ko a bakin titi tana kwasar ƙura, kuma ko da yake duniya ta rabu da fetur ɗin mota mai dalma a 2021 lokacin da Aljeriya ta daina sayar da shi, dalmar da ya zubar a gefen hanyoyi tana nan ba ta ruɓewa. Sai kuma gashi: ƙwaya takan rasa kashi 12 zuwa 20 cikin 100 na nauyinta a wuta, amma yawancin ƙarafan ba sa ƙonewa, don haka adadinsu a kowane kilo ƙaruwa yake yi ba tare da an ƙara komai ba. Wanda ya kwatanta sakamakon ɗanyar ƙwaya da na gasasshiya ba tare da lura da wannan ba, ya yi kuskure tun kafin ya soma magana.

Daga ƙwaya zuwa lamba

Na'urorin auna ƙarafa ba sa karɓar gari, ruwa suke buƙata. Ma'aikacin ɗakin gwaji yakan auna kimanin rabin giram na niƙaƙƙiyar gahawa ya zuba a cikin wani ƙaƙƙarfan mazubi na Teflon, wata irin roba mai jure asid da zafi, ya ƙara asid ɗin naitirik mai tsananin tsabta, sau da yawa tare da haidirojin ferokzayid, ya rufe gam ya sa a cikin wata na'urar maikurowef ta musamman. A zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200 na ma'aunin Salsiyas, ƙarƙashin matsi mai ƙarfi, mai da sukari da duk sauran sassan tsiro suna narkewa. Idan mazubin ya huce aka buɗe shi a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, wani hayaƙi ja-ja mai ruwan ƙasa ne yake fara tashi, a ƙasa kuma sai a tarar da ruwa garau mai ɗan rawaya-rawaya, babu ko ɗigon baƙi. Idan an ga ɗigo ko maiƙo yana yawo a sama, narkarwar ba ta cika ba, kuma duk lambar da za ta biyo baya abar tuhuma ce.

Daga nan sai aunawa. Tsohuwar hanya ita ce wadda Alan Walsh ya gabatar a Ostareliya a 1955, wadda ta dogara da cewa kowane sinadari yana shanye wani nau'in haske nasa na kansa. Ana fesa ruwan cikin harshen wuta, a haska shi, a ga yawan hasken da ya ɓace. Tana aiki sosai ga ƙarfe da tagulla da zinki, sinadari ɗaya bayan ɗaya, amma idanunta ba su cika kai wa ga 'yan maikrogiram na dalma ba sai an musanya harshen wutar da ƙaramin bututun girafayit. Daga baya aka samar da na'urorin da ke amfani da iskar agon da aka zafafa ta kai digiri 6,000 zuwa 10,000, zafin da ya wuce na fuskar rana. Wadda ake kira ICP-OES tana karanta hasken da sinadarai ke fitarwa, gommai a lokaci guda. Wadda ake kira ICP-MS, wadda Robert Houk da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1980, ƙwayoyin zarra take rarrabewa bisa nauyinsu tana ƙirga su, kuma tana iya hango abin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan ba.

A nan ne saɓanin rahotanni yake fara warwarewa. Ɗakin da ya yi amfani da harshen wuta zai rubuta cewa bai gano dalma ba, wanda ya yi amfani da ICP-MS kuma ya rubuta cewa ya gano, alhali daga buhu ɗaya suka ɗiba kuma babu wanda ya yi ƙarya. Da na'urorin zamani, samun ɓurɓushin dalma ko kadmiyam a duk abin da ya tsiro daga ƙasa abu ne da ake tsammani. Tambayar da ke da amfani ita ce nawa ne, kuma da wane tabbaci.

Inda kuskure yake ɓuya

Babban abokin gaban wannan aiki shi ne gurɓacewa daga ɗakin gwajin kansa. Clair Patterson, masanin Amurka da ya ƙididdige shekarun duniya ya samu biliyan 4.55 a 1956 ta hanyar auna dalma a duwatsun da suka faɗo daga sama, ya shafe shekaru yana fama da lambobi marasa kan gado kafin ya gane cewa dalmar tana fitowa daga iska da ƙura da ruwa da kwalaben da yake aiki da su. Sai da ya gina ɗaki mai tsananin tsabta kafin ya samu sakamakon kirki, kuma daga baya ya nuna cewa da yawa daga alƙaluman dalma da ake wallafawa a zamaninsa dattin ɗakin gwaji suke aunawa. Wannan darasi bai tsufa ba. Injin niƙa mai wuƙaƙen ƙarfe yana iya zuba ƙarfe da kuromiyam da nikel a cikin garin. Safar hannu tana iya kawo zinki. Saboda haka ake jiƙa mazubai a asid kafin amfani, ake kuma guje wa kwalaben gilashi a aikin da ya kai wannan ƙanƙanta.

Akwai kuma kuskuren da ke bin ta ɗaya hannun, wato asara. Tsohuwar al'adar ƙona samfur ya zama toka a buɗaɗɗen tanda mai zafin digiri 450 zuwa 550 tana iya korar zaiba da asinik su bi iska, sai sakamako ya nuna tsabtar da babu ita.

Na'ura ma ana iya yaudarar ta. Asinik nauyinsa 75 ne a ma'aunin ƙwayar zarra. Idan akwai kulorin a cikin ruwan gwaji, ƙwayar agon mai nauyi 40 takan manne da ta kulorin mai nauyi 35, su biyun su ba da 75 cif, sai na'ura ta ƙirga su a matsayin asinik alhali babu shi. Haka agon da iskar oksijin suke haɗuwa su ba da 56, wanda shi ne nauyin ƙarfe. Maganin da aka saba shi ne ratsa su ta cikin iskar hiliyam domin a tankaɗe haɗaɗɗun, amma sai ma'aikaci ya san da matsalar kafin ya nemi maganinta. Yawan fotasiyam ɗin da ke cikin gahawa shi ma yana iya danne siginar ƙananan sinadarai, shi ya sa ake zuba wani sanannen adadi na sinadarin da ba a tsammaninsa a samfur, kamar rodiyam ko indiyam, domin a ga yadda nasa siginar ta ragu a gyara sauran da shi.

Tantance hanyar gwaji

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wannan ita ce ma'anar tantance hanya: kafin a gwada gahawar kowa, sai a gwada gwajin. Ƙa'idar duniya ta ɗakunan gwaje-gwaje, ISO/IEC 17025, wadda ta fara fitowa a 1999 aka sabunta ta a 2005 da 2017, ta wajabta cewa duk hanyar da ɗaki ya ƙirƙira ko ya yi wa kwaskwarima sai ya kawo hujjar cewa ta dace da aikin da za a yi da ita.

Ana farawa da fanko, wato mazubin da aka zuba masa asid da komai aka bi da shi duk matakai amma ba a sa gahawa ba. Akan shirya irinsa kamar goma a auna, a ga yadda lambobinsu ke hawa da sauka. Wannan hawa da sauka shi ne hayaniyar hanyar. An saba ɗaukar ninkinta uku a matsayin iyakar ganowa, ninkinta goma kuma a matsayin iyakar aunawa. A ɗauka hayaniyar ta kai milligiram 0.002 a kilo: iyakar ganowa za ta zama 0.006, ta aunawa kuma 0.02. Abin da ya faɗo tsakanin waɗannan biyun ana iya cewa yana nan, amma ba a iya rantsuwa a kan yawansa. Don haka rahoton da ya ce "ba a gano ba" ya tsaya nan, rabin magana ya yi. Cikakkiyar magana ita ce "ƙasa da kaza", tare da faɗin lambar. Idan iyakar ganowar ɗaki ta fi adadin da doka ta haramta, to shaidarsa ta tsabta ba ta da wani amfani ko da takardar ta sha hatimi.

Sai saita na'ura da ruwaye masu sanannen adadi, daga ƙarami zuwa babba, domin a ga ko amsar da take bayarwa tana tafiya a miƙe. Rahotanni da yawa sukan yi alfahari da lambar dacewar layi ta 0.999, wadda ke nuna yadda amsar na'ura ta bi miƙaƙƙen layi, kamar ita ce ƙarshen zance, kuma a ganina an ɗora wa wannan lamba nauyin da ya fi ƙarfinta. Layi yana iya yin kyau a sama ya karkace a ƙasa, a daidai inda 'yan maikrogiram ɗin da ake nema suke.

Abu biyu ne mutane suka fi cakuɗawa: daidaituwar sakamako da kusancinsa ga gaskiya. Sikelin da yake ƙara giram 50 a kowane awo zai ba da lamba ɗaya sau goma, mai shi ya yi ta murna, alhali sau goma ya yi kuskure. Daidaituwa ana gane ta ne ta hanyar maimaita gwajin samfur ɗaya, da farko a rana ɗaya a hannun mutum ɗaya, sannan a ranaku daban-daban a hannun mutane daban-daban. Gaskiya kuwa ba ta bayyana ta maimaitawa, sai an kawo shaida daga waje.

Shaida mafi ƙarfi ita ce samfurin da wata hukuma ta riga ta auna da hanyoyi daban-daban ta ba da takardar adadin da ke cikinsa. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, tana sayar da irin waɗannan, kamar garin ganyen tumatir da na alayyafo da na tuffa, kuma masu binciken gahawa sukan yi amfani da su. Idan ɗaki ya narkar da wannan gari ya samu abin da takarda ta faɗa, ya nuna cewa narkarwarsa da aunawarsa suna aiki. Sai dai ganye ba shi da maiƙon gasasshiyar ƙwaya, don haka shaidarsa ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya. Shi ya sa ake haɗawa da wata dabara: a raba garin gahawa biyu, a ƙara wa rabi sanannen adadi na sinadarin, a ga nawa zai dawo. Idan an ƙara maikrogiram 20 aka samu ƙarin 14 kawai, kashi 70 cikin 100 ne ya dawo, ma'ana hanyar tana ɓatar da kusan sulusi a kan hanya. Wajibi ne a yi ƙarin kafin narkarwa. Wanda ya ƙara bayan an riga an narkar, na'ura kaɗai ya gwada, ya tsallake matakin da asara ta fi faruwa, kuma wannan kitso ne da ƙwarƙwata.

Tantancewa kuma ba ta gado. Hanyar da aka tabbatar a kan ruwan sha ba ta zama tabbatacciya a kan gahawa ba, wadda aka tabbatar a kan ɗanyar ƙwaya ma sai an sake dubawa kafin a kai ta kan garin da ake kaɗawa nan take. Takardar amincewa da ake bai wa ɗakin gwaji tana da jerin ayyukan da ta shafa, kuma abin da ba ya cikin jerin ba ya cikin amincewar.

Me ya sa ƙwararru ma suke saɓawa

A 1980 William Horwitz na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ya tattara sakamakon gwaje-gwajen haɗin gwiwa masu ɗimbin yawa, ya gano wani tsari mai ban mamaki: duk lokacin da abin da ake nema ya ƙara ƙanƙanta, saɓanin ɗakunan gwaji ƙaruwa yake yi, ba tare da la'akari da irin sinadarin ko irin na'urar ba. Idan abin ya kai kashi ɗaya cikin 100, saɓanin yakan tsaya wajen kashi 4 cikin 100. A kashi ɗaya cikin miliyan yakan kai 16. A kashi ɗaya cikin biliyan lissafinsa ya ba da 45, ko da yake a shekarar 2000 Michael Thompson ya nuna cewa a irin wannan ƙanƙanta ɗakunan zamani sukan tsaya wajen 22. Abin da wannan ke nufi shi ne, idan wani ɗaki ya samu maikrogiram 20 wani ya samu 26, ba lallai ne ɗayansu ya yi sakaci ba.

Hanyar gano mai sakaci ita ce jarabawar ƙwarewa, inda wata cibiya mai zaman kanta take aika samfur iri ɗaya ga ɗakuna da yawa ba tare da sun san amsar ba. Ana ba kowa maki gwargwadon nisansa daga adadin da aka tabbatar: wanda bai wuce 2 ba ya tsira, tsakanin 2 da 3 gargaɗi ne, daga 3 zuwa sama sai ya koma ya binciki kansa. Daga irin waɗannan bayanai ne ɗaki yake fitar da gejin rashin tabbas da ya kamata ya raka kowace lamba, wanda aka saba faɗaɗa shi ya ba da tabbacin kusan kashi 95 cikin 100.

Gari daban, abin da ke cikin kofi daban

Mutum ba ya cin garin gahawa, ruwan da aka tace yake sha, kuma wannan shi ne abin da kanun labarai suka fi mantawa. Akan yi amfani da kimanin giram 10 ga kofi mai mililita 180. Fotasiyam yana narkewa cikin sauƙi, shi ya sa kofi mai mililita 240 yakan ƙunshi kusan milligiram 116 nasa, amma ƙarafa irin su ƙarfe da tagulla yawancinsu a tuƙar suke saura.

A yi lissafi da lambar misali. A ɗauka an samu dalma milligiram 0.05 a kilo na gari, wato maikrogiram 50. Giram 10 zai ƙunshi rabin maikrogiram. Ko da dukkansa ya shiga ruwa, abin da ke cikin kofin bai kai maikrogiram 3 a lita ba, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha maikrogiram 10 ne a lita. Wannan bai mayar da dalma abar so ba, tunda kowane ɗigo yana haɗuwa da na sauran abinci, amma yana nuna cewa ruwan da aka dafa gahawar da shi yana iya kawo fiye da abin da ƙwayar ta kawo. Kayan dafawa ma haka. A 2013 cibiyar nazarin haɗurra ta tarayyar Jamus, BfR, ta ba da rahoton cewa wasu injinan haɗa gahawa suna sakin dalma, musamman bayan an wanke su da maganin cire dattin da ruwa ke daskarewa a cikinsu, ta kuma ba da shawarar a ɗauraye su sosai kafin a sake amfani da su. Binciken da ya tsaya a kan gari kaɗai ba zai taɓa ganin wannan ba.

Wanda lambar take shafa

Ga hukumomi, gejin rashin tabbas magana ce ta shari'a. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 333 ta shekarar 2007, wadda ta tsara yadda ake ɗibar samfur da auna dalma da kadmiyam da zaiba a abinci, ta ce ana ƙin kaya ne idan sakamakon ya wuce iyaka ba tare da wata shakka mai ma'ana ba, bayan an yi la'akari da wannan geji. A ɗauka iyakar wani kaya 0.10 ce, aka samu 0.11 da gejin 0.03 sama ko ƙasa. Gaskiyar tana iya kasancewa ko'ina tsakanin 0.08 da 0.14, don haka kayan zai wuce. Da 0.15 aka samu da wannan gejin, da an ƙi shi. Masu kare haƙƙin mai saye suna ganin wannan tsari ya bai wa ɗan kasuwa rinjaye, masu fitar da kaya kuma suna ganin zalunci ne a lalata dukiyar mutum a kan lambar da ɗakin gwaji da kansa ba zai iya rantsuwa a kanta ba. Kowane ɓangare yana da hujja, sai dai akwai wani abu da ya kamata ya dame su duka: ɗakin da aikinsa ya fi rauni shi ne mai geji mafi faɗi, kuma faɗin gejin yana iya zama mafaka ga gurɓataccen kaya. Saboda haka ne dokar ta gindaya wa hanyoyin gwaji sharuɗɗan da dole su cika kafin a saurare su.

Wanda ya fi shan wahalar kuskure shi ne ƙaramin manomi, wanda shi ne ke noma kaso mai yawa na gahawar duniya. Idan gurɓataccen injin niƙa a ɗakin gwaji ya sa aka ƙi kwantena guda, shi ba shi da kuɗin sake gwaji, kuma sunan yankinsa ne zai ɓaci a kasuwa.

Wannan awo kuma yana iya zame masa garkuwa. Tunda ƙwaya tana ɗauke da alamar ƙasar da ta tsiro a kai, rabon sinadarai a cikinta yana iya nuna asalinta. A 2019 wasu manoman yankin Kona na tsibirin Hawaii suka shigar da ƙara a kotun Amurka a kan kamfanonin da suke zargi da sayar da gahawar wasu wurare da sunan Kona, kuma cikin hujjojinsu akwai sakamakon gwajin da ya kwatanta rabon sinadarai irin su sitirontiyam da zinki a kayan da ke kanti da na ainihin gahawar yankin. Da yawa daga kamfanonin sun zaɓi yin sulhu. Irin wannan hujja tana tsayawa a gaban alƙali ne idan samfuran da aka kwatanta da su an tabbatar daga gonakin yankin suka fito, an tara su daga wurare da damuna daban-daban, kuma an nuna cewa bambancin da ke tsakanin Kona da sauran wurare ya fi gejin kuskuren na'urar da ta auna.